Injin Wutar Soja: A Karanta Allonsa Kafin A Biya Kuɗi

Bayan an sayar da masara da auduga a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi, kuɗi kan shiga hannun manomin Matazu, tunanin sayen injin wuta kuma ya taso, domin wutar kamfani ba abin dogara ba ce. A irin wannan lokaci ne dillali kan zo da labarin injin soja na gwanjo, mai shan man gas, kore shar, wai ƙarfe ne da ba ya mutuwa. Dillali bai yi ƙarya ba wajen ƙarfi. Amma fa an ƙera injin don wata ƙasa da wani aiki dabam, saboda haka wanda zai saya sai ya yi hattara.

Abu na farko shi ne allon ƙarfe da ke maƙale a jikinsa. Injunan sojan Amurka irin su MEP-802A mai kilowat 5 da MEP-803A mai kilowat 10 suna ba da wuta mai lamba 60 Hz, watau tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa. Wutar Nijeriya kuwa 50 ce. Ƙwan lantarki bai damu da wannan ba. Amma motar injin niƙa ko ta famfon ban ruwa da aka yi don 50 za ta ƙara gudu da kashi ɗaya cikin biyar, famfo kuwa in gudunsa ya ƙaru haka, ƙarfin da yake nema yakan haura da fiye da rabi. Sai mota ta yi zafi ta ƙone, ga tumatir na jiran ruwa a fadama. Wani makanike zai ce a rage gudun injin daga juyi 1,800 a minti zuwa 1,500 don a sami 50. Kada a yarda, gama hakan kan lalata na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar, samunta kuwa ko a Kano sai an sha wuya. In kuwa allo ya ce 400 Hz, to, na jiragen sama ne da na'urorin soja. Wannan ko kyauta aka bayar, wahalar dako kawai za a sha.

Sai wayarin. Wayoyin gida a nan biyu ne, ɗaya mai wuta ɗaya maras wuta, maɓallin bango yana yanke mai wutar. Injin Amurka kuwa yakan haɗa bolt 240 ne daga wayoyi biyu, kowace tana ɗauke da 120. Ke nan ana iya kashe maɓalli, yaro ya taɓa soket ya sha wuta. Lalle wannan aikin mai takardar shaidar lantarki ne, ba na ɗan maƙwabci da ya iya ɗaura ƙwai ba. Dole a kafa sandar ƙasa, a ɗaura jikin injin da ita. Dole kuma a sa canji-oba, wanda zai raba gida da layin KEDCO kafin wutar inji ta shiga. In babu shi, wutar takan koma kan layi, taransifoma ta ɗaga ta, ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke wuta ya rasa ransa. Injin kuma a ajiye shi waje ƙarƙashin rumfa, nesa da taga. Hayaƙinsa na kisa cikin barci.

In ya ƙi tashi, ba sai an kwance shi ba tukuna. Batir biyu yake so a jere, bolt 24, in ɗaya ya yi sanyi ba zai juya ba. Bayan wannan a duba mai. Injin da ya daɗe a ajiye ruwa kan taru a gindin tankinsa, filta ta toshe, iska ta shiga bututu. A tsiyaye, a sake filta, a fitar da iskar. Da hunturu kuma ƙura kan cika filtar iska.

Akwai wata cuta da ba kowa ya sani ba. Injin gas ba ya son zaman banza. In an kunna mai kilowat 10 don ƙwai huɗu da fanka da cajin waya, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai baƙin mai ya riƙa ɗiga daga salansa, ciki ya cika da dauɗa. Maganinsa a ɗora masa kaya mai nauyi ya yi 'yan sa'o'i. Man gas kuwa ba araha gare shi ba.

Saboda haka magidanci ɗaya mai neman hasken dare bai kamata ya saya ba, faifan sola da batir sun ishe shi. Injin irin wannan na jam'iyyar manoma ne ko mai shago, inda akwai walda da niƙa da casar masara, aiki daga safe har la'asar. Su ma su tafi da mai lantarkinsu wurin ciniki, a tayar da injin a gabansu, a auna wutar da mita, a tambayi inda za a sami filta da famfon mai tun kuɗi na aljihu.