'Yar wa za ta karɓi haihuwa a asibitin mazaɓarmu?

Iyayena, yayyena da ƙannena na reshen mata, daga Bachirawa zuwa Karo, daga Rangaza zuwa Yadakunya, barkanmu da warhaka. Yau ba sanarwar taro na kawo ba, ba kuma maganar anko ba ce. Ku daure ku karanta har ƙarshe, wadda ba ta karatun boko a taimaka a karanta mata.

A daminar bara naƙuda ta kama maƙwabciyata wajen ƙarfe ɗaya na dare. Muka garzaya ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ma'aikaciyar a cikin gari take zaune, da la'asar take tashi, kuma ni ban ga laifinta ba, ita ma tana da nata iyalin. Sai da aka taso mai adaidaita daga barci, muka bi hanyar da ruwa ya caɓe, baiwar Allah tana zubar da jini a cinyata. Allah ya sa da sauran kwana, ita da jaririn suna nan. Amma tun daren nan nake tambayar kaina: gini akwai, gado akwai, to me ya rage? Mutum ne ya rage. Da a ce ungozomar nan 'yar unguwarmu ce, ƙofar gidansu kawai za mu buga.

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, duk mun san su, kowaccenmu ta je gaisuwarsu. Kuma ba mu manta da mashaƙo ba, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya cinye 2023. Kano ce ta fi kowace jiha kamuwa, Ungogo kuma tana sahun gaba a ƙananan hukumomin da abin ya fi ƙamari. Yawancin yaran da suka kwanta ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba, alhali allurar kyauta ce, sau uku: a sati 6, sati 10 da sati 14 da haihuwa. Me ya hana uwa kai ɗanta? Sau da yawa ba taurin kai ba ne, rashin wadda ta yarda da ita ce da za ta zauna kan tabarma ta yi mata bayani.

Mun ga haka a shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinsa a Kano saboda zargi, aka dawo da shi a 2004. Waɗanda suka ƙarasa aikin mata ne 'yan unguwa da suka riƙa shiga gida-gida, har gidan suna, inda namiji ba ya shiga. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Da ɗan gari kan ci gari.

To ra'ayina shi ne: mu daina jiran a turo mana ma'aikaciya daga wani wuri, mu fitar da tamu. Kuma hanyoyin suna da yawa, ba sai yarinya ta zama likita ba.

Akwai ma'aikaciyar lafiyar al'umma, wadda ake kira CHEW. A tsarin da aka saba karatun shekara 3 ne, ƙaramarta JCHEW shekara 2. Su ne ƙashin bayan asibitocin sha-ka-tafi: awon ciki, rigakafi, duba yara masu tamowa, zazzaɓin cizon sauro. Ana yi a makarantun koyon aikin lafiya na gwamnatin jiha da ke Kano da Bebeji. Wadda ta yi aiki ta goge tana iya ƙaro karatun CHO a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ta dawo ta shugabanci asibitin da kanta.

Akwai nas da ungozoma, a tsarin da aka saba shekara 3. Jiha tana da makarantar nas a Kano da Madobi, da ta ungozoma a Dambatta. Akwai kuma ungozomar karkara ta shekara 2, wadda dama an tsara ta ne don yarinyar da za ta koma garinsu ta yi aiki.

Akwai duba-gari. Makarantarsu ta Kano tun 1932 take, ta girmi kakanninmu da yawa. Aikinsu ruwan sha, masai, kwata, mayanka da abincin kasuwa. Duk wadda ta ga yadda sabbin unguwanni ke cinye gonaki a Rijiyar Zaki da Tudun Fulani, ana haƙa rijiya gab da masai, ta san amai da gudawa ba daga sama yake faɗowa ba. Sannan ga masu adana bayanan marasa lafiya, ga masu taimaka wa ɗakin gwajin jini da ɗakin magani, ga masana abinci mai gina jiki.

Sai digiri a fannin lafiyar al'umma, wanda ake yi har a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, inda matar aure kan yi karatu daga ɗakinta. Amma a nan a kula: wannan digirin na tsare-tsare da bincike da wayar da kai ne, shi kaɗai ba ya ba mutum lasisin yin allura ko karɓar haihuwa. Wadda ke son aikin hannu ta fara da CHEW ko nas ko ungozoma, digirin ya biyo baya.

Ina hanyar take ƙarewa? Ku dubi Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, shugabar cibiyar ACEPHAP. Tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tana nuna yawan jinin da ya zuba, sai a haɗa magungunan a ba ta lokaci guda ba tare da jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. 'Yar Kano ce, a Kano take aiki. Amma ledar nan ba ta shimfiɗa kanta, sai da hannun ungozoma.

Yanzu ga inda muke yin sake, kuma ina roƙon ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Ƙofar nan ba a ranar sayen fom take rufewa ba, tun a aji huɗu na sakandare take rufewa. Makarantun lafiya suna neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO, yawancinsu yanzu har da JAMB. Yarinyar da ba ta shiga ajin kimiyya ba, ko tana makarantar da babu malamin Kemistiri, an gama da ita shekara uku kafin ta sani. Mu nawa ne a nan muka san ajin da 'ya'yanmu suke? A yau ɗin nan, in ta dawo, tambaye ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na biyu, a yi hattara da makarantun bogi. Gida mai ɗaki huɗu, an liƙa allo, an ɗinka wa yara fararen kaya, ana karɓar kuɗin da uwa ta tara da ƙuli-ƙuli da adashe. Gwamnatin jiha ta sha rufe irinsu. Takardar da hukumar ƙasa ba ta san da ita ba, ko ƙosai ba za ta ƙunsa ba. Kafin a biya ko sisi a tambaya: hukumar nas da ungozoma, ko ta ma'aikatan lafiyar al'umma, ko ta duba-gari, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar? Ɗalibansu suna zana jarrabawar ƙasa? A je a tambayi ma'aikaciyar da ke asibitin unguwa, ta sani.

Na san abin da wasu za su ce. Aure fa? Karatu bai hana aure ba, ɗalibai masu goyo suna nan a makarantun nan, sai dai a sa shi cikin magana tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa. Aikin dare fa? Maigidan da ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya fi kowa cancantar barin 'yarsa ta koyi aikin, in ba haka ba 'yar wa yake so ta duba ta? Wasu kuma za su ce ga waɗanda suka gama nan suna aikin sa-kai shekara da shekaru babu albashi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma a nan ne namu aikin yake.

Mu ne muke cika layi ranar zaɓe, da goyo, cikin rana. Amma in ɗan takara ya zo, atamfa da taliya da sabulu muke karɓa mu yi guɗa. Atamfa ta koɗe a wata shida. An taɓa yin shirin Women for Health a Kano da wasu jihohin Arewa daga 2012, inda gari da kansa yake zaɓo yarinya, a gyara mata darussan kimiyya, ta shiga makarantar lafiya da alkawarin dawowa gida. Kuɗin Ingila ne, shirin ya ƙare, amma dabarar ba ta wuce ƙarfinmu ba.

Mazaɓu 11 gare mu. Shawarata, kowace shugabar mata ta tattara sunayen 'yan matan da ke ajin kimiyya, da masu kiredit suna zaune a gida, da waɗanda suka gama suna sa-kai. Mu ware kwasa ɗaya a adashenmu don kuɗin fom da jarrabawa. Mu tabbatar akwai bakinmu a kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido kan asibiti. Takardar sunayen nan kuma ita za mu miƙa wa kansila, ciyaman da ɗan majalisa, namu ne ko ba namu ba: malamin kimiyya a makarantun mata, ɗaukar nauyin karatu, ɗaukar aiki, da turo yarinya asibitin garinsu. Ko biyu-biyu muka fitar a shekara, 22 ke nan.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kawo sunayen a taronmu na gaba, a kuma tura wannan saƙo ga sauran 'yan uwa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam. Taku, daga reshen mata na Ungogo.