Wace Iska Ce Ta Shige Shi?



Likitan littafin Hausa cuta biyu ya sani: hawan jini da ciwon zuciya. Zai fito daga ɗakin taimakon gaggawa, ya cire tabarau, ya sharce gumi, ya ce a daina ɓata wa Hajiya rai in ana son ta rayu. Duk ciwon da ya wuce waɗannan, sai ya ce gwaji bai nuna komai ba, a gwada na gida, marubuci ya ɗora laifin a kan kishiya da bokanta. Mu a wajenmu wannan lalaci ne, kuma lalacin da ke iya cin rai, don mai karatu yana ɗaukar abin da ya karanta ya auna ciwon gidansu da shi.

A ɗauka yaro ne ɗan shekara biyu a wani ƙauyen Kudan. Ƙyanda ta kama shi, ƙuraje sun fito, tari ya ƙi lafawa. Da asuba uwa ta ga wuyansa ya kumbura, kumburin ya haura fuska har ido ya rufe, muryarsa ta sauya. In aka danna fatar sai a ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Ba a taɓa ganin irinsa a gidan ba. Tsohuwa za ta ce iska ce ta shige shi. Ta faɗi gaskiya, sai dai ba iskar da take nufi ba.

Huhu cike yake da 'yan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka. Ƙwayar cuta irin ta ƙyanda, ko mura mai tsanani, ko korona, tana kumbura bangon ta raunana shi, tari mai ƙarfi ya zo ya fasa. Iskar da ta tsere hanya biyu gare ta. Ko ta bi gefen jijiyoyin jini ta taru a tsakiyar ƙirji kusa da zuciya, ta haura wuya ta bazu a ƙarƙashin fata, hanyar da wani masani ɗan Kanada, Charles Macklin, ya bayyana a 1939. Ko kuma ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Duk wanda ya taɓa kai babur wajen mai faci ya san hoton: tyub ya huje, iska ta fita daga cikinsa ta tsaya a cikin taya, shi kuwa ya lanƙwame.

Kumburin fuskar shi ne mai tayar da hankali, amma sau da yawa jiki kan shanye wannan iskar cikin kwanaki in an kwantar da yaro an sa masa iskar oksijin. Wadda ba a gani ita ce makashiya. Wani lokaci hujin yakan zama ƙofar da ake shiga ba a fita: kowane numfashi yana ƙara iska a ƙirji, ta danne huhu, ta ture zuciya gefe, jini ya kasa dawowa. Numfashi ya yi sama-sama, leɓe ya yi duhu, gefe ɗaya na ƙirji ya daina motsi. A nan ba a maganar gobe. Allura likita zai soka tsakanin haƙarƙari iskar ta fito, sannan ya sa roba. Ƙahon wanzami da tsagarsa a fata suke tsayawa, hayaƙin turare kuwa tarin zai ƙara. Sa'o'in da aka ɓata ana jiran mai magani su ne waɗanda ya kamata a ce mota tana kan hanyar Babban Asibitin Ikara ko Asibitin Koyarwa na Shika.

Za a ce mana abin ba kasafai yake faruwa ba. Haka ne. Binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya samu huhu ya lanƙwame ga kusan mutum 1 cikin 100 na waɗanda korona ta kwantar a asibiti, har da waɗanda ba a taɓa sa wa na'urar numfashi ba. To, zazzaɓin cizon sauro ba ya buƙatar marubuci ya gabatar da shi. Ciwon da ba a saba gani ba shi ake kai wa boka. Kuma tun yaushe littafin Hausa ya fara gudun abin da ba kasafai ake gani ba? Attajiri ɗan shekara talatin da ya auri mai tallar awara, sau nawa kuka gan shi a kasuwar Makarfi?

Ciwon ƙirji kuma ba labarin Turai ba ne. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka rasa hutu. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna da alaƙa da korona. Gwamnan jiharmu na lokacin, Nasir El-Rufa'i, da bakinsa ya sanar ya kamu a watan Maris na shekarar. Mun rayu cikin wannan, amma labaran da ake turowa har yau a tsaye suke a kan Hajiya da hawan jininta.

Za a kuma ce marubuci ba likita ba ne. Ai ba ɗan kasuwar Kwari ba ne ma, amma yana iya cika shafi uku da kayan lefe, ya bambance shadda da leshi, ya kawo kuɗin kowace atamfa. Tambaya ya yi ya sani. Makarfi gari ne da ya daɗe yana yaye ma'aikatan lafiya a kwalejin da aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, da wuya a rasa nas ko ɗalibin lafiya a dangi ko a unguwa. Ba kuma addu'a muke cewa a cire daga labari ba. A yi ta a cikin mota, ana tafiya.

Mai neman abin da zai riƙe mai karatu ya leƙa ɗakin da aka sa wa yaro robar ƙirji. Bakin robar ɗaya yana tsakanin haƙarƙarinsa, ɗayan yana nutse cikin ruwa a kwalbar da ke ƙasan gado, don iska ta fita ta kasa komawa. Duk tarin da ya yi, ruwan sai ya yi kumfa. Nas ta gargaɗi uwar kada kowa ya ɗaga kwalbar sama da ƙirjin yaron, kada a bari ta kife. Ga 'yan dubiya sun cika ɗaki, ga surukar da ta so a kira wanzami tana zaune a tabarma ba ta cewa komai, ga katin rigakafi a jaka, layin allurar wata tara babu sa hannu. Ita kuwa uwar ta kwana zaune, ƙafarta tokare da kwalba, tana jiran safiyar da kumfar za ta tsaya.