Sayen Nagari Mai Da Kuɗi Gida

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta baki ɗaya, wannan na'ura ta tashi daga abin alfahari ta koma abin neman abinci. A Kwantagora akwai masu shagunan buga takardu da cike fom, da malamai da ɗalibai, da akawuna a ofisoshi, waɗanda duk ran da kwamfutarsu ta ƙi tashi, to, aikin wannan rana ya tsaya. Ga kuma kaya sun yi tsada tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 1023 da aka ƙara wa dubu, wato 2023. Saboda haka mai saye yakan tsaya a bakin kanti yana wasiwasi: ya ɗauki sabuwa mai araha, ko kuwa ya ƙara kuɗi ya sayi wadda aka ƙera don aiki?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, manyan kamfanoni iri biyu suke ƙerawa. Akwai ta zaman gida, kamar Pavilion ta HP da Inspiron ta Dell da IdeaPad ta Lenovo. Akwai kuma ta ma'aikata, kamar EliteBook da ProBook na HP, da Latitude ta Dell, da ThinkPad wadda IBM ya fito da ita a 1992 kafin Lenovo ya sayi wannan sashe a 2005. A ido, sau da yawa ta gida ta fi sheƙi. Amma kyan ɗan maciji ne, bambancin yana ciki.

Mafi arahar ta gida jikinta roba ce marar kauri, kuma wurin da murfi ya haɗu da gindi shi ne yakan fara karyewa. A wasunsu an liƙe ma'ajiyar bayanai da ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato RAM, a jikin allon na'urar, ba a iya cirewa balle a ƙara. Ta ma'aikata kuwa an yi ta ne don a buɗe a rufe kullum har shekaru. Akan ƙarfafa jikinta da ƙarfe marar nauyi, akan gwada da yawansu da zafi da ƙura da jijjiga, kuma kamfanonin suna wallafa littafin da ke nuna wa mai gyara yadda zai kwance ta. Da yake ma'aikatu suna sayen iri ɗaya da yawa, batirinta da allonta da madannanta ba su wuyar samu a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja.

Wannan magana ta fi nauyi a gari irin Kwantagora. Da hunturu ƙura takan toshe fankar da ke sanyaya na'ura, da bazara kuma zafi ya gasa ta. Ga batun wuta. Jihar Neja ce ke da madatsar ruwa ta Kainji tun 1968, da ta Shiroro tun 1990, da ta Zungeru wadda aka kammala a 2023, duk da haka mai shago bai rabu da janareta ba, kuma wutar da ke hawa tana sauka ita ce ajalin caja da batiri. In wani abu ya lalace wanda babu shi a gari, sai an aika Minna ko Kaduna ko Kano.

To, a nan ne lissafi yake. Kuɗin kwamfuta ba shi ne abin da aka biya ran saye kaɗai ba. A haɗa da kuɗin gyara, da kuɗin mota, da cinikin kwanakin da ta yi a kwance. Mai shagon da na'urarsa ta mutu ana tsakar rajistar jarrabawa, masu zuwa wurinsa maƙwabcinsa za su koma, kuma ba lalle su dawo ba. Ɗalibin da kundin bincikensa ya salwanta ana saura mako guda ya miƙa, ba ya tuna rangwamen da aka yi masa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Mai ƙaramin ƙarfi yana da mafita. Ma'aikatun Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan shekara uku ko huɗu, su ne kuma ake kawowa nan a matsayin tokumbo. Irin wannan ta hannu, in lafiyayya ce, takan fi sabuwa mai araha ƙarko. Sai dai akwai rami a wannan hanya. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, ban da ƙarin wa'adin da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, tana bukatar abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in injin Intel ne, ya zama na zubi na 8 ko wanda ya biyo bayansa. Tsofaffin da suka gaza wannan sharaɗi su ne ake karyar da farashinsu. Duk wanda zai riƙa shiga asusun banki ko ajiye bayanan mutane, ya yi hattara da su.

Saboda haka kada mai saye ya biya sai ya ga lambar injin da idonsa: lambar da ke bin i5 ko i7 ta fara da 8, ko 9, ko 10 zuwa sama. Ya nemi RAM mai gigabait 8 aƙalla, da ma'ajiya irin ta SSD. Ya zare caja ya ga daɗewar batiri, ya gwada madannai ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohuwar ma'aikatarta ba. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin mayarwa.

Wanda yake son abin da yara za su koyi rubutu a kai, mai arahar ta wadatar, daidai ruwa daidai tsaki. Amma wanda tukunyar gidansa ta dogara da na'urar, gara ya jinkirta wata biyu ya cika kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.