Abin da Charleston Ta Tsare, Mu Muke Rushewa

A birnin Charleston da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, Joseph Riley ya riƙe kujerar magajin gari tun daga 1975 har 2016. Sau goma jama'a na zaɓensa, kuma duk bayan shekara huɗu sai ya koma gabansu neman ƙuri'a.

Da ya hau, doka ya tarar a ƙasa. Tun 1931 birnin ya shata wa tsohuwar unguwarsa iyaka, ya kafa hukumar da sai da izininta ake rushe gini ko a sauya masa fuska. Babu garin da ya riga shi yin haka a Amurka. To amma doka ba ta tsare kanta, sai da mai tsaya mata. An ga haka a watan Satumba na 1989, lokacin da guguwar Hugo ta yaye rufin gidaje ta bar tituna cike da ɓaraguzai. A irin wannan rana ce mai son rusau ke samun hujja, ya ce ai gini ya riga ya mutu. Birnin bai sassauta ƙa'ida ba. Aka bi gidajen ana gyarawa, ana mayar da rufi da tagogi yadda magina na farko suka bar su.

Akwai kuma aikin da sai mai dogon zama. A 2000 Riley ya kawo shawarar gina gidan tarihin baƙar fata. Sai a 2023 aka buɗe shi a gaɓar da aka riƙa sauke bayi daga Afirka, shekara bakwai bayan saukarsa. Adana birnin bai rasa illa ba: gari ya yi kyau, gidaje suka yi tsada, baƙar fata da dama suka bar unguwannin iyayensu. Wannan abin kiyayewa ne.

Mu kuwa a Kano, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, ganuwa kuma ana ta gutsurarta ana yanka filaye. Shugaban ƙaramar hukuma shekara uku ne wa'adinsa, a da wani lokacin ma kantoman 'yan watanni ake naɗawa. Yaushe zai fara gyaran bangon da ke buƙatar yaɓe duk bayan damina?

Ba tazarce nake roƙa wa kowa ba. Majalisun jihohinmu su kafa kwamiti na dindindin a kowane tsohon birni, da masu unguwanni da Sarkin Magina a ciki, ya zama ko bulo ɗaya ba a cirewa daga tsohon gini sai da sa hannunsu.