Masu A-Kori-Kurar Dizal: Kada Mu Yanke Matatar Hayaƙi, Mu Tashi Neman Haƙƙinmu

Kirana ga duk mai a-kori-kurar dizal ne, da direban da ke tuƙa ta, da makaniken da ke kwanciya a ƙarƙashinta, da kuma mai shago a bakin titi wanda ba ya da mota amma yake shaƙar hayaƙinta daga safe zuwa dare. Wata matsala ta shigo mana tare da motocin zamani da ake kawowa daga Turai da Amurka, tana cin kuɗinmu, kuma hanyar da muka ɗauka ta magance ta tana cin lafiyarmu.

Kun san yadda abin yake. Fitila ta kama a gaban direba, mota ta daina jan wuta, ana taka totur tana rarrafe. A garejin dila a ce sai an canza salansa gaba ɗaya, a yanka kuɗin da zai sayi wata ƙaramar mota. A garejin unguwa kuma a ce: "Alhaji, kawo mu yanke abin nan mu huta, mu goge shi daga kwamfuta." Tsakanin waɗannan biyun aka bar mai mota, ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da ya lalace.

To bari mu san abin da ake yankewa. Na'urori uku ne. Ta farko ita ce DPF, matata ce a cikin salansa da ke kama kunkunniyar hayaƙi. In ta cika, motar da kanta take ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone dattin, amma hakan yana bukatar gudu a buɗaɗɗen titi na kamar minti 20 zuwa 30. Motar da kullum tana maƙale a cunkoson Kano ko Yamai, ko ake barin ta a kunne ana hira, ba ta samun wannan damar. Ta biyu ita ce EGR, wadda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna, kuma ita ma kunkunniya na toshe ta. Ta uku ita ce mai aiki da ruwan AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin 100 nasa yuriya ce tsantsa, sauran kuwa tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa don ya kashe gubar hayaƙin. In ya ƙare, ko aka zuba jabu, ko wata 'yar sansa ta mutu, kwamfutar motar ce ke rage mata ƙarfi da gangan. Sau da yawa abin da ya lalace sansa ce ko waya, amma sai a ɗora wa mutum kuɗin salansa sukutum.

Me ya sa waɗannan na'urori suka fi saurin mutuwa a wurinmu? Babban dalili shi ne man da muke sha. An ƙera su ne don dizal mai ƙarancin farar wuta. A Turai, tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, a Amurka kuwa kashi 15 tun 2006. Mu kuma an yi shekara da shekaru ana sauke mana mai ɗauke da dubbai. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa gurɓataccen dizal musamman don Afirka. A 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu cewa kada man da ake shigowa da shi ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Amma a watan Yulin 2024 mun ga yadda hukumar kula da harkar mai ta Najeriya, NMDPRA, da matatar man Dangote suka yi ta musayar yawu a kan wane dizal ne ya fi tsabta, alhali mai sayen lita 40 a gidan mai bai da takardar da za ta nuna masa abin da aka zuba masa. A ƙara da dizal ɗin 'yan bumburutu da ake garwayawa da kananzir, da baƙin man juye wanda bai dace da injin mai matata ba, sai a ga dalilin da ya sa matatar ke toshewa tun ba a je ko'ina ba.

Kada kuma kowa ya ce mana laifin kullum na mai mota ne. A Ostireliya, masu Hilux da Prado da Fortuner sun haɗa kai suka maka kamfanin Toyota a kotu, kuma a watan Afrilun 2022 Kotun Tarayyar ƙasar ta tabbatar cewa motoci sama da 260,000 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 an sayar da su ne da matatar DPF mai aibi. A Amurka, a watan Disambar 2023, kamfanin Cummins ya amince zai biya tarar dala biliyan 1.675 bisa zargin sa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a injinan a-kori-kurar Ram kusan 630,000. Mutanen Ostireliya ba da surutu a bakin gareji suka kai ga hukunci ba. Shaida suka tara, suka shiga kotu a matsayin tsintsiya ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai: yanke matata. Na san tana da sauƙi, na san aljihu ya yi zafi. Amma tun 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Baƙin hayaƙin da motarka ke tofarwa bayan an yanke matatar ba ya ɓacewa. Yana sauka a ƙirjin ɗan acaɓan da ke bayanka, da mai tallan awara a bakin kwalta, da jaririn da ke goye, da yaron makaniken da ya wuni a bakin salansa. Kai ka rage asara, su suka biya. Wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Saboda haka, ya mai mota, ka karɓi ragamar motarka. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a sa mata kwamfuta a gabanka, a rubuta maka lambar matsalar da ta fito. Ka nemi kuɗin aiki a rubuce. Ka tambaya ko za a iya wanke matatar ko a ƙone dattinta da na'ura kafin a yi zancen sabuwa. Duk abin da aka cire, a ba ka tsohon a hannu. In motar tana da garanti, kada ka bari a taɓa salansa ko kwamfutarta a waje, don da wannan dila zai fake ya zame. Ka zaɓi gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka yi juye da baƙin man da littafin motar ya ambata, ka sayi AdBlue a rufe da hatiminsa, kuma kada ka kuskura ka jiƙa takin yuriya ka zuba. In kuma sabuwar saye za ka yi, ka tambayi wace ƙasa aka ƙera wa motar, ka duba ko aikinka na cikin gari ne ko na doguwar hanya.

Ku dilolin mota, wanda ya sayar da mota ya sayar da alkawari. Ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin salansarta tun kafin ya biya, ku ajiye kayan gyara, ku daina canza babba alhali ƙarami ne ya mutu. Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka, aikin ya canza. Ƙungiyarku ta NATA ta matsa wa hukumar bunƙasa harkar motoci ta NADDC ta kawo horo a kan waɗannan injina har garuruwanmu, domin makaniken da ya iya karanta kwamfutar mota ba zai rasa abinci ba.

Hukumomi kuma mu tashe su. NMDPRA da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su riƙa gwada dizal a gidajen mai, su buga sakamakon da sunan kowane gida a inda talaka zai gani. Wanda dila ya cuce shi ya kai ƙara hukumar FCCPC, wadda dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa don irin wannan. Kada ka je kai kaɗai. A kowace tasha da kowane gari, masu irin wannan mota su buɗe rajista: irin motar, shekararta, abin da ya lalace, inda aka sha mai, nawa aka biya. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya share shi, amma rasit ɗari masu nuna ciwo iri ɗaya dole a amsa su.

Ku kai maganar nan tasha, ku kai ta gareji, ku kai ta taron ƙungiya na wannan makon. Mu fara tara rasit yau, mu hana a yanke matata, mu tilasta a sayar mana da mai mai tsabta. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya kiyaye hanya.