Limamin coci da ƙamusun da ya bar mana

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Hausa da aka buga a Ingila a 1934, wanda malaman jami'a suke kira har yau da sunan mawallafinsa, Bargery, ya san cewa wannan littafi, ko da yake mai shi limamin cocin Angalika ne da wa'azin addininsa ya kawo shi ƙasar nan, ya zama taskar da Musulmi da Kirista suke ɗiba ba tare da jayayya ba. An haifi George Percy Bargery a 1876. Ƙungiyar mishan ta CMS ta turo shi Arewa a farkon zuwan Turawa, rashin lafiya ta mayar da shi gida, sa'an nan ya komo a ma'aikatar ilmi, inda aka ɗora masa tattara lugga. Fiye da shekara goma ya yi yana bin garuruwa yana tambaya, har ya tara kalmomi wajen dubu 39, kowace da karin sautinta, da yawa kuma da alamar Katsinanci ce ko Sakkwatanci. Da tsufansa ma ya dawo Kano gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki, kafin rasuwarsa a 1966.

Abin da ke damuna shi ne, mu da muka gaji harshen, mun bar irin wannan himma ga baƙo. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, daga Bakori zuwa Ƙafur, akwai dattawan da suka san lokacin binne, da bambancin firi da maimai da huɗa, da irin ƙasar da kaura take so wadda farfara ba ta so, da dukan lafuzzan cinikin auduga na zamanin da ma'aikatar gurza take cika maƙil. Amma tun da maganin feshi ya rage aikin fartanya, gayya kuma ta ja baya, yaran da suka taso ba su jin waɗannan kalmomi a bakin kowa, alhali kuwa cikinsu ilmin noman yake.

Haƙiƙa Jami'ar Bayero ta yi abin yabo da ƙamusunta na 2006, sai dai bai wadatar ba. Wajibi ne jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma su tura ɗaliban Hausa ƙauyukan nan da rani, lokacin da manomi yake da sukunin zama, su naɗi maganar tsofaffi, Musulmi da Maguzawa, maza da matan da ke sussuka, a rubuta kowace kalma da sunan garin da aka ji ta.