Mu kula da ƙananan ma'aikatan da ke cikin tumbin akuya

Ƴan'uwa makiyaya na Tasawa da Mayahi, maza da mata, jar akuya ita ce asusun gida. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba yara madara, fatarta kuma tana da daraja. Dominta aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a shekarar 1963. Amma kowace shekara zawo da kumburin ciki suna kashe mana awaki. Sau da yawa laifin daga hannunmu yake.

Cikin akuya kashi 4 ne. Mafi girma shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu masu yawan gaske, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narkar da kara da harawa da ciyawa. Aikinsu ya yi kama da na halittun da ke mayar da madara nono a cikin ƙwarya. Abin da suka narkar shi ne ke ba akuya ƙarfi da madara. Ɗan akuya ba a haihuwarsa da su. Daga uwarsa yake samu, in tana lasarsa, in kuma ya fara taɓa abincin da take ci.

A shekarar 2006 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi domin su yi ƙiba. Sai masu kiwo da dama suka koma ga wani gari mai ɗauke da halittu masu amfani. Suna ba aladu mata da ƴaƴansu, da maruƙa, da kaji. Halittun nan suna sa tsami a hanji, tsamin kuma yana takura wa masu kawo zawo. A wani garke garin yana taimako, a wani ba ya yin kome. A ko'ina ba ya maye gurbin abinci mai kyau da tsabta.

Ra'ayinmu shi ne: kafin mu nemi halittun da ake sayarwa, mu daina kashe waɗanda muke da su kyauta.

Muna kashe su in muka sayi kafso a kasuwa muka ɗura wa akuya ba tare da shawara ba. Maganin ba ya bambanta mai amfani da mai cuta. Muna kashe su in muka cika wa akuya ƙwarya da hatsi ko sauran tuwo rana ɗaya. Tsami ya yi yawa, tumbi ya tsaya, akuya ta daina tuƙa, wata ma ta mutu.

Saboda haka, duk sabon abinci, ko dusa ko ƴaƴan gawo, mu ƙara shi kaɗan-kaɗan har mako 2. Mu fara ba da harawa ko ciyawa kafin dusa. Mu ajiye ruwa mai tsabta. Mu tsince leda daga gida, domin tana toshe tumbi. Ɗan akuya kuwa ya sha dakashi tun sa'o'in farko na haihuwa, kada a tatse a zubar.

In akuya ta daina tuƙa, ko cikinta ya kumbura ta gefen hagu, kada mu jira ranar kasuwa. Mu kira malamin dabbobi nan da nan. Kuɗin kiransa bai kai kuɗin akuya ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.